Mai Ihun "Ashir! Ashir!"

Mutumin nan mai kiran fasinja a tasha ne ya cusa maƙwabciyata Husaina da jaririnta a motar da ba tasu ba. Baƙuwa ce a Alƙahira, ta ce masa Hayyin Ashir za ta, unguwarmu da ke cikin Madinat Nasr. Shi kuwa motar Ashir min Ramadan yake lodi, wani gari can cikin hamada. Sai da baiwar Allah ta ga yashi da masana'antu sannan ta fashe da kuka.

Ga shi nan yau a tasha, jallabiya ruwan toka, sigari a bayan kunne, yana dukan ƙofar mota da tafin hannu. "Ashir! Ashir! Yalla ya hajja!" Wato "Zo mu je, Hajiya!" Idonsa na kan kujerar da ta rage. Yadda muryarsa ta dushe, ya tsufa a aikin nan, ya san bambancin Ashir ɗin biyu sarai. Wani ɗalibi ya ce, "Hayyin Ashir?" Ya gyaɗa kai ya nuna masa ciki, alhali motar Ashir min Ramadan ce. Wata 'yar Sudan ce ta janyo ɗalibin waje.

Shugabannin tasha, ko ya riƙa faɗin wace Ashir, ko ku kore shi!