Abin da Zaidu Ya Gani

A bakin ruwan Yelwa, in ka yi wa mutum sallama ya amsa wa tarun da yake ɗinki, to Zaidu ne. Ya haura talatin. Ba ya kallon ido, ba ya gane zolaya. Wata rana masunta suka ce masa kifi na kiransa, bawan Allah ya tsaya a gaɓa har azahar. An sha dariya ranar.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunansa, ba ta sakar masa fuska. "Wancan" take cewa. Kowa ya san kunya ce, da ƙauna a ƙarƙashinta. Kowa, ban da Zaidu.

Ƙanensa Nasiru ke da jirgi. Daminar bara, wata safiya, Zaidu ya ga tsumman da aka toshe tsagar jirgin ya fita. Ya gani sarai, ya koma kan tarunsa. Nasiru ya loda shinkafa ya tafi. Jirgin ya nutse. Wajen Ngaski aka tsinci gawarsa.

A zaman makoki, ba wanda ya tambaye shi, Zaidu ya ce, "Tsumman ya hita tun da sahe."

Kawu Umaru ya juyo. "Ka gani? Mi ya hana ka hwaɗa mai?"

"Ai ya sani."

"Wa ya gaya mai?"

"Na gani."

"To kai ka kashe shi," in ji Kawu.

Maganar zafin rai ce, amma Zaidu ba ya tace magana. Ya ɗauke ta yadda take, ya koma rumfar taru, ya daina zuwa gida, ya daina cin abinci.

Asama'u, maƙwabciya mai aikin asibiti, ta sami Inna. Ta ce abin da ke tare da shi galahanga ake kiransa, kuma wasu likitoci na ganin masu ita kan sha wuyar gane cewa abin da ke kansu ba ya kan wani. "Ba mugunta ba ce, Inna. Shi a wurinshi, abin da ya gani kowa ya gani. Kuma shirun nan naki, ba ya jin abin da ke cikinshi. Sai kin hwaɗa."

Washegari Inna ta ɗauki kwanon tuwo ta sauka bakin ruwa, gaban masunta da matan kifi. Ta tsaya a bakin rumfarsa.

"Zaidu," ta ce. "Ba kai ka kashe shi ba. Ina son ka. Ci."

Bai dube ta ba. "Ban san kina so na ba," ya ce wa tarun. Sannan ya jawo kwanon.

Yanzu kullum da safe yana bin jirage ɗaya bayan ɗaya yana sanar da masu su kowace tsaga, har wadda suka sani. Ba mai dariya.