Gadon Sama a Barnawa

Sai da na kai shekara arba'in da biyu kafin in yi tafiya ni kaɗai. Duk inda na taɓa zuwa, ko dai da maigida, ko da goyo a baya, ko cikin ayarin 'yan biki. Ɗinki nake yi a gida, a Funtuwa, kuma na daɗe ina son koyon keken ado na zamani, irin wanda ake haɗawa da kwamfuta. Da na ji akwai wata mata mai shago a Barnawa da ke koyarwa na mako guda, sai na roƙi maigida ya bar ni. Bai ja magana ba, ya dai ce in sauka gidan ƙanwarsa a Tudun Wada. Na ce masa a'a. Na san halina: in na sauka can, ni ce wanke-wanke, ni ce raino, kullum sai na makara. Ya yi dariya ya ce Allah ya tsare hanya.

Mai shagon ce ta kwatanta mini masauki mai sauƙin kuɗi. Gidan wata dattijuwa ne, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati, wadda 'ya'yanta duk suka watse, ta mai da ɗakunansu wurin kwanan mata matafiya. Kowa Mama yake ce mata. Ranar Lahadi da la'asar mai napep ya sauke ni a ƙofar gidan ana yayyafi. Mama ta karɓi jakata, ta nuna mini kicin da rijiya da igiyar shanya. Akwai gicciye rataye a falonta, don haka na ɗan yi nauyin baki wajen tambayar alƙibla. Kafin in tambaya ta miƙo mini buta, ta nuna kusurwar da ke kallon bishiyar mangwaro.

"Gabas ke nan, Hajiya. Kin ɗauka ke ce ta farko?"

Ɗakin namu gado biyu ne masu hawa biyu, kuma na ƙasa duk an riga ni. Ɗaya na wata budurwa ce 'yar Jos, malamar jinya, ta zo rubuta jarrabawa. Ɗayan na wata mata ce daga Makurɗi, za ta girme ni kaɗan, doguwa mai jiki, ta zo bikin 'yar ƙaninta a Kamazou, gidan bikin ya cika ba masaka tsinke. 'Yar Jos ta tashi da sauri ta ce, "Anti, dawo nan ƙasa, ni in hau." Na ƙi. Na tattare zani na kama tsanin ƙarfe, su biyun suna riƙe da gadon suna dariya. Da na kwanta a sama, fanka na juyawa kusa da hancina, sai na lura babu wanda zai kira ni in ɗauko masa wani abu. Na daɗe rabona da barci irin na ranar.

Da safe nakan taka zuwa shago, in dawo da yamma. Matar Makurɗi ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Turancina bai wuce na gaisuwa ba, don haka 'yar Jos ce tafinta. In ta fita karatu sai mu koma nuni da hannu. A haka muka fara haɗa tukunya. Na yi musu tuwon shinkafa da miyar kuka da na taho da ita a kwalba, matar Makurɗi ta ɗanɗana, sannan ta miƙo kwano a ƙara.

Ranar Alhamis na dawo na iske matar Makurɗi zaune bakin gado, rigar ankon biki a kan cinyarta, hawaye na zuba. 'Yar Jos ta yi mini bayani: ita ce za ta tsaya a matsayin uwar amarya ranar Asabar, domin mahaifiyar yarinyar ta rasu tun tana ƙarama. Telan da aka bai wa ɗinkin ya matse rigar, zif ba ya hawa, kuma ya ce aiki ya yi masa yawa, ba zai taɓa ta ba sai bayan biki.

Na ce ta ba ni in gani. Na juya rigar ciki waje. Bai bar rara a gefe ba ko ta yatsa ɗaya. Na tambaya ko akwai ragowar yadi, ta ce sai ɗankwali. Na ware ɗankwalin, babba ne, za a iya yankar gefensa ba tare da ya ragu sosai ba.

"Ki ce mata ta tashi in auna ta," na ce wa 'yar Jos.

"Anti, za ki iya kuwa?"

"Shekarata ashirin ina wannan aikin. Ki dai ce ta daina kuka, tana motsa mini awo."

Washegari na tafi shago da rigar a leda. Na farke gefunan biyu, na saka ƙarin yadi daga hammata har ƙugu. Rigar ta buɗe, amma mahaɗin ya fito fili, duk wanda ya kalla zai san an yi ƙari. Mai shagon ta tsaya a kaina ta ce, "To ga dama ta samu. Rufe shi da ado." Kwana huɗu ke nan ina koyo a kan tsummoki, ban taɓa sa kayan wani a ƙarƙashin allurar nan ba. Na zaɓi zanen ganye mai hawa kamar yaɗo, da zare ruwan zinariya. Na danna maɓalli. Ana tsakiyar gefe na biyu zare ya sarƙe, keken ya tsaya. Na kalli mai shagon, ta naɗe hannu ta ce, "Na nuna miki ranar Talata." Na cire, na warware, na mayar da allura daidai inda ta tsaya. Kafin la'asar na gama.

A ɗaki matar Makurɗi ta saka rigar, 'yar Jos ta ja zif ya hau sumul. Ta tsaya gaban madubin Mama tana juyawa, tana shafa ganyen da yatsa. Sai ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, ta ce da 'yar Hausarta, "Gobe, ke, biki. Dole."

Na kira maigida na gaya masa, ya ce in je mana. Ranar Asabar, bayan 'yan bikin sun fito daga coci, muka same su wurin liyafa, ni da Mama da 'yar Jos, mun matsu a napep ɗaya. An kafa rumfuna a wani fili, ƙasa ja ta jiƙe da ruwan safe. Matar Makurɗi ta zaunar da ni a gaba, ta kawo mini sakwara da miyar agushi da hannunta, ta nuna kwanon ta ce, "Kifi, Hajiya. Kifi kawai." Mata uku suka zo suna tambayar wa ya yi adon rigar, ta nuno ni da hannu biyu.

Can aka fara kiɗan ƙabilarsu. Mata suka fito da zane mai ratsin baƙi da fari, suna wata rawa a hankali, jiki na lanƙwasa kamar ba ƙashi. Matar Makurɗi ta zo ta kama hannuna. Na ce ban iya ba. Mama ta turo ni daga baya ta ce, "Wa ya san ki a nan?" Na gyara mayafi na shiga. Ban iya ɗin ba kuwa, amma ban fito ba sai da kiɗan ya tsaya.

Ranar Lahadi da zan tafi, na iske doya uku manya a ɗaure kusa da jakata. Na yi ƙoƙarin ƙi, matar Makurɗi ta yi kamar Hausarta ta ƙare gaba ɗaya. Haka na rungumo su har tasha, na ɗora ɗaya a cinya har Funtuwa saboda but ɗin motar ya cika da kaya.

Bayan kwana biyu 'yar Jos ta turo hoton bidiyon rawar bikin a waya, babbar 'yata ce ta buɗe. Ina kicin ina feraye doyar na ji ta kira ƙannenta. Suka zo suka tsaya bakin ƙofa da wayar a hannu.

"Umma, ke ce wannan?"

Na ce ni ce, su miƙo mini tukunya.