Famfon Feshin da Ya Mutu a Hannun Taubashina

A unguwarmu ta Cadawa, tun ina yaro, ba kowane gida ke da tsani ba, ba kowane gida ke da ƙugiyar ciro guga daga rijiya ba, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan talauci. Tsani ɗaya ya ishi unguwa. Ƙugiya tana gidan liman, babban turmi yana gidan wata gwaggo, galmar shanu tana gidanmu, dukansu kuwa suna yawo gida gida. Aro yana da doka guda, ba a rubuta ta ba, ba a kuma manta ta: abin da ya lalace a hannunka, kai ka lalata shi. A zamaninta dokar tana da gaskiya. Ƙotar gatari ba ta karyewa don ta ga dama, sai in ka sari dutse. Tsani ba ya ruɓewa sai in ka bar shi cikin ruwa damina ta wuce a kansa. Kayan da muka tashi muka tarar ba sa mutuwa da kansu. Kashe su ake yi, kuma ana sanin wanda ya yi kisan.

Da na aje alli bayan shekarun da na yi ina koyarwa a lakol, makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, sai na koma gona kamar kowa, da hannuwa masu laushi da ra'ayoyi masu yawa. Farkon abin da na saya na zamani shi ne famfon feshi, irin wanda ake goyawa a baya, mai batir a cikinsa. A kasuwar Gazawa na saye shi, wurin masu shigo da kaya daga ƙetaren iyaka. Shuɗi ne, yana sheƙi, ba ya bukatar ka yi ta buga hannu kamar na da. Ka danna maɓalli, ya yi ta feshi yana ƴar waƙarsa. Mai sayarwa ya rantse mini jikokina za su gaje shi. Daminar farko ya zaga gonakin unguwa, ya dawo lafiya, har na fara jin kaina cikin masu faɗa a ji.

Damina ta biyu, wake ya fara fure, sai ga taubashina. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, sa'ana, kuma tun muna tsirara ba mu taɓa gaisawa da ladabi ba. Kowannenmu yana da'awar ɗayan bawansa ne, shari'ar da har yau ba a yanke ba.

Ya tsaya a zaure ya ce, "Ina bawan gidan nan? A fito mini da famfona."

Na ce, "Yaushe bawa ya mallaki famfo?"

Ya ce, "Tun ranar da aka gane Mushe ba ya iya goya shi. Da wane bayan? Wannan da kujerar lakol ta lanƙwasa?"

Na miƙa masa, na ce ya wanke hannu kafin ya taɓa kayan manya. Ya tafi yana dariya.

Kafin azahar ya dawo da shi a ka, ba a goye ba, yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar makara. Ya ce yana cikin feshi, bai ci rabin kunya ta uku ba, waƙar ta tsaya. Bai faɗi ba, bai jiƙa shi ba, bai buga shi da komai ba. Na danna maɓalli, shiru. Na sa shi a caji har washegari, shiru. Na ce masa ba komai, da gaske kuma nake. Bai ji ni ba, saboda kunnensa yana wurin unguwa.

Abin da ya sa ke nan: a cikin shekarar nan kaɗai, fitila mai cajin rana ta mai shayi ta mutu a gidansa, daren da ya aro ta don haihuwar saniyarsa. Tocilar liman ma a hannunsa ta rufe ido. Famfona ya cika na uku, mutanenmu kuwa in abu ya kai uku ba sa neman wata shaida. Aka fara cewa hannunsa ba shi da albarka. Ƴan majalisar mai shayi suka sa masa suna ajalin kayan mutane. In ya doso, sai ka ga mutum ya jawo rediyonsa ya sa ƙarƙashin riga, wai wasa, amma rediyon ba ya fitowa sai ya wuce.

Da abin a baki ya tsaya, da sauƙi. Geronsa bai yi kyau ba a shekarar, ruwa ya yi masa tsalle lokacin da yake bukata, gidansa duka ya jingina da waken nan. Wake kuwa in yana fure ba ya jiran kowa. In ba a fesa ba, tsutsa ta shiga, fure ya zube, sai ka girbe harawa ka ba dabbobi. Famfo ɗaya ya rage a unguwa, na wani alhaji mai shago, sabo, ɗan'uwan famfona ne uwa ɗaya uba ɗaya. Taubashina ya je aro, aka ce an ba wani. Ya koma, aka ce wanin bai dawo da shi ba. Famfon kuwa yana rataye a cikin shago, kowa na ganinsa ta taga.

Da safe ina zaune a ƙofar gida taubashina ya zo ya rage tsawo ya ce, "Ina kwana, Malam. An tashi lafiya?"

Ban taɓa jin zagin da ya yi mini ciwo kamar wannan gaisuwa ba. Ya tafi, sai na ga ya ɗaure ƴar akuyarsa a gindin bishiyar bedi ta ƙofata. Ramuwa ke nan, yadda doka ta ce.

Na ɗora famfon a bayan kabu-kabu na tafi Gazawa wurin mai gyara. Ya juya shi, ya nemi inda zai sa sukudireba, babu. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, an narka robar an haɗe bakinta. Ya ce batirin ne ya ƙare, an kuma binne shi a ciki, ba a sayar da irinsa shi kaɗai, shawara ita ce in sayi sabo. Sannan ya nuna mini bayan rumfarsa. Tuli guda na famfuna, duk shuɗɗa, duk sa'annin juna, an jibge su kamar kwalaben da aka shanye.

Na ce, "Waɗannan duka a hannun taubashina suka mutu?"

Ya dube ni bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. A kan hanyar dawowa na yi ta juya abin. Na karanta tarihin dauloli da yawa da suka ci mutane da yaƙi, amma ban ci karo da wadda ta yi dabarar nan ba: a sayar maka da abu da ajalinsa a cikin cikinsa, ya tafi ya mutu a hannun maƙwabcinka, ku yi ta kallon juna. Wani mutum ne, a wani buro, wato ofis, mai sanyi da ba zan taɓa gani ba, ya zauna ya yanke wa famfona kwanakinsa tun kafin a zuba robarsa. Bai san Cadawa ba, bai san wake ba, ya kuma raba ni da abokin wasana ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. Mu kuma muka ɗauko dokar gatari muka yanke wa batir hukunci da ita.

Bayan la'asar na kai maganar majalisa. Na ba su labarin tulin da na gani. Na ce kayan yanzu da kwanakinsu suke zuwa, wanda ya riƙe su ranar da suka cika, tsautsayi ne ya faɗa masa, ba laifi ba.

Alhaji mai shago ya ce, "Mushe, mun ji. Amma a hannunka ya shekara bai mutu ba."

Mai shayi ya ce, "Fitilata ma lafiyarta lau ta bar nan."

Na ce, "Kakanka ma lafiyarsa lau ya kwanta ranar da ya cika. Wa kuka kama?"

Aka yi dariya, aka ce Mushe ba ya rasa amsa. Na daɗe a gaban allo, na san fuskar ajin da ya yi dariya bai yarda ba. Na tashi na bar musu shayinsu.

Washegari na kwance akuyar, na goya famfon da bayan nan da aka ce ya lanƙwashe, na ratsa unguwa a hankali don kowa ya gani. Na shiga gidan taubashina ba sallamar kirki.

Na ce, "Karɓi akuyarka, ta cinye mini zogale. Sa wuƙa a garwashi."

Ya ce, "Malam, me za a yi?"

Na ce, "In ka ƙara ce mini Malam, da kai zan fara. Fiɗa za mu yi."

A bayan famfon an rubuta da Faransanci cewa kada a buɗe. Na yi rayuwata ina roƙon yara su buɗe abin da ke gabansu su duba, ban ga dalilin da zan yi wa roba biyayya da tsufana ba. Wuƙa ta yi ja, muka bi bakin haɗin muna yankawa, hayaƙi mai wari ya cika tsakar gida, maiɗakinsa ta kwashe tukunyarta tana cewa tsofaffi biyu sun rasa aikin yi. Da cikin ya buɗe, abin da ke ciki bai kai a yi masa rantsuwa ba: ɗan inji kamar dunƙulen hannu, batir da ya kumbura kamar ƙosai, da waya biyu, ja da baƙa. Injin lafiyarsa ƙalau. Saboda ƙosan nan kaɗai aka so in jefar da duka.

Ilimina na lantarki bai wuce wanda nake zana wa ƴan aji a allo ba, nasa kuma bai wuce na kwance batirin tsohon motonsa mai ƙafa biyu ba. Muka haɗa jahilcinmu wuri guda. Ya ciro batirin moton, na murɗa ja a inda ja take, baƙa a inda baƙa take, muka zuba ruwa a tanki don gwaji. Injin ya yi tari, ya yi shiru, sannan ya watsa mini ruwa a tabarau.

Taubashina ya kalle ni ruwa na ɗiga daga gemuna. Ya ce, "Ko famfo ya san wanda bai yi wanka ba."

Muka ɗaure cikin da robar tsohuwar taya. Batirin bai shiga ramin na da ba, sai muka sa shi a ƙaramin buhu ya rataya a ƙirji, famfo a baya, waya ta bi ta kafaɗa. Ya yi muni, ya yi nauyi, in batirin ya gaji kuma sai a mayar da shi cikin moto a zaga gari ya farfaɗo. Da yammar nan ya fesa gonarsa, ina biye da shi ina ba da umarnin da ba wanda ya nema. Furen farko ya riga ya zube, wannan ba mu same shi ba. Na baya ya kama, ya yi ƴaƴa, gidan ya samu abin da zai kai shi rani.

Ban karɓi famfon ba. Na ce jikin nawa ne, ran nasa ne, kuma ba a raba jiki da rai, don haka a gidansa zai zauna. Duk wanda ya zo aro wurina, can nake tura shi. Wasu suka je. Wasu suka gwammace tsutsa, wannan kuma tsakaninsu da wakensu.

Ana gab da feshi na ƙarshe sai ga alhaji mai shago a zaurena, yana ta kewaye-kewaye, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi ƙafata. Daga ƙarshe ya ce nasa famfon ya ƙi tashi. A rataye yake, ba wanda ya taɓa shi, ya sauko da shi ya danna, shiru.

Na ce, "Allah ya ji ƙansa. A hannun wa?"

Ya ce aron nawa ya zo nema. Na ce famfo ba ya wurina, ya san gidan da yake. Ya gyara hularsa, ya nufi can. Na bi shi a baya, don ba zan bari a ba ni labarin wannan ba.

Ya yi sallama, taubashina ya fito, ya saurari bukatar har ƙarshe bai katse shi ba. Ya shiga ya fito da famfon, da buhunsa, da wayoyinsa, ya goya wa alhaji da hannunsa, ya rataya masa batirin a kan babbar riga, ya ja igiyar ya ɗaure.

Ya ce, "Ja a kan ja, Alhaji, baƙa a kan baƙa. In ya mutu a hannunka, ka kawo mana gawar kawai, kada ka kawo akuya. Ni da bawana za mu duba shi."