Dokin Kakana da Dokar da Ba Ta Zo Ba

Ƙamshin ruwan rake a kan wuta ba ya ɓoyuwa. Kwanan baya na ji shi a hanyar Rogo, daga cikin mota, sai ga ni na koma ƙauyenmu na wajen Beli, ina yarinya, ina lasar yatsu a bayan gidan kakana.

Mazarƙwaila kakana yake yi. In sanyi ya shigo aka fara saran rake, manoma sukan kawo nasa da nasu a jibge. Injin matsewar na ƙarfe ne, an ɗaura masa doguwar sanda, dokinmu yana janta yana zagaye tun hantsi. Ruwan ya tsiyaya, a tafasa shi a manyan kasake da busasshiyar tuƙar raken, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Jan doki ne mai taurin kai, ba ya tafiya sai ya ji muryar kakana. Ni kuwa ɗanɗano ne aikina. Kakana yakan ce amaryarsa za ta cinye shi kafin ta tare.

Wata shekara dagaci ya zo da baƙo daga ƙaramar hukuma. Aka shimfiɗa tabarmi, duk masu dafa mazarƙwaila suka hallara, aka daɗe ana gaisawa. Baƙon ya ce gwamnati na tunanin kafa doka: duk abin da za a ci a sayar, a yi shi a ƙarƙashin rufi, a kan daɓen siminti, kuma kada dabba ta kusanci wurin. Ya ce ba a yanke ba tukuna, an turo shi ne ya ji yadda abin zai shafe su.

Kowa ya dubi kakana, don shi ne babba. Ina leƙe ta jikin danga, na tabbata zai nuna masa dokin. Sai na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, ai babu komai. Duk abin da hukuma ta gani, alheri ne. Mun yarda."

Ka san mutanenmu. Baƙo yana zaune a kan tabarmarka, ga dagaci, ba ka buɗe baki ka ce masa maganarsa za ta kashe ka. Baƙon ya ji daɗi, aka cika masa jaka da mazarƙwaila, ya tafi.

Yana tafiya gida ya rikice. Babana ya ce in babu doki wa zai ja sandar, mu? Baffana, ƙanen babana, ya ce a gina ɗaki a bar dokin a waje, sai aka tuna sandar ba ta ratsa bango. Aka yi zancen inji mai shan mai, aka bar shi, don ba mu da halinsa. Baffana ya ce to a jira dokar ta fito mana.

Kakana ya ce, "Na ce na yarda a gaban mutane. In baƙon nan ya dawo ya tarar da doki a wurin, da wane ido zan dube shi?"

Kafin raken baɗi ya isa sara, ya kai dokin kasuwa. Na yi kuka har kakata ta zage ni. Abin da ya fi rikita ni, maƙwabtanmu da suka amsa "mun yarda" a bayansa ba wanda ya sayar da nasa. Manoman da ke kawo mana rake suka koma wajensu. Kasakenmu suka zama wurin shan ruwan awaki, babana ya fara fita ci-rani.

Dokar kuwa shiru. Baƙon bai dawo ba, dagaci ma bai sake ta da zancen ba.

Yau masu sana'ar nan inji suke tayarwa, ba ka ganin doki, kuma ba doka ce ta kore shi ba. Na girma, ina jin ana cewa za a tuntuɓi 'yan kasuwa kafin a kafa doka, in rasa ko murna zan yi. Mu ma an tuntuɓe mu. Baƙon bai yi ƙarya ba, bai tilasta kowa ba. Wani lokaci ina jin haushin kakana, wani lokaci ina ganin shi kaɗai ne ya ɗauki gwamnati da gaske. Har yanzu ban san wa zan ɗora wa laifi ba.

Da na fara makaranta a Kano, duk hutun da na dawo yakan tambaye ni ko dokar nan ta fito. In ce masa ba ta fito ba. A ciwonsa na ƙarshe ya sake tambayata, da muryar da ba ta fita sosai. Na dubi baffana, ya kau da kai.

Na ce, "Ta fito, Kaka."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban sayar da shi a banza ba."