Malam Ishiyaku da Daɓen Fijon Hajiya Rahamatu

Duk wanda ya saba bin lungun bayan kasuwa a Birnin Kudu da hantsi ya san ƙarar gudumar Malam Ishiyaku. Ba shi da gareji, ba allo, ba lambar waya a jikin bango. Filin ƙofar gidansa ne wurin aikin, ƙarƙashin wata darbejiya da ta sha hayaƙin walda har ta saba. In ya dawo daga sallar asuba sai ya share filin tas, ya sha kokon da matarsa Inna Kubra ta dama, sannan ya baje kayan aiki a kan buhu: guduma uku, almakashin yankan ƙarfe, alli, da tulin kwalaye da yake karɓowa wurin 'yan tireda. Daga nan sai ƙwanƙwasa har kiran azahar. Shekara arba'in da biyu ya yi a haka, kuma bana ya ajiye.

Sana'arsa gyaran jikin mota ce, amma abin da direbobi suka san shi da shi shi ne daɓen mota, wato ƙarfen nan da fasinja ke ɗora ƙafa a kai bai taɓa tunawa da shi ba. Mu kuwa mutanen nan mun iya kashe daɓen mota. Damina na ƙaratowa sai mu cire kujerar baya mu loda buhunan takin zamani. Takin ya zube lungu-lungu, ruwa ya shiga ya same shi, sai mu kawo ledar ɗaki mai furanni mu shimfiɗa a kai mu ce mota ta yi kyau. Taki da laima in suka haɗu, cin ƙarfe suke kamar gara ta sami zana. Ranar da rami ya ɓullo sai a nemo guntun kwanon rufi a ɗora, a maida leda. Shi ke nan wai an gyara!

Malam Ishiyaku bai taɓa yarda da wannan gyaran ba. Abdulnasir, direban da ke jigila hanyar Gwaram, shi da bakinsa yake ba da labarin ranar da ya je masa a gurguje.

"Baba, ɗan liƙa mini faci a kai kawai, kasuwa nake son kamawa."

Tsohon ya ɗaga leda, ya ɗan ƙwanƙwasa, kan gudumar ya zarce ƙasa. Ya ce, "Ni ba na ɗora lafiyayyen ƙarfe a kan matacce. Ko a yanke har a iske mai rai, ko ka ja motarka."

Abdulnasir ya ce, "Wallahi na tafi ina ƙunƙuni, na kai wani wuri aka liƙa mini. Sati uku tsakani kujerata ta nutse da ni a tsakiyar titi, sai ga ni ina leƙen hanya ta cikin sitiyari. Da kaina na dawo na ba shi haƙuri."

To, walda ba ta barin ido. Lokacin ƙuruciya da baƙin tabaran kasuwa yake yi, wani sa'in ma da tafin hannu yake karewa. A farkon shekarar nan likita ya duba shi ya ce abin da ya rage na ganinsa kaɗan ne, ya rabu da wutar walda in yana son ya ci gaba da gane fuskar jikokinsa. Ya dawo gida ya gaya wa Inna Kubra, suka tsayar da magana cewa an gama. Bai cika sati biyu da hutawa ba sai ga wata farar Fijo 504 ta shigo lungun tana tari. Hajiya Rahamatu ce, daga wani ƙauye bayan Sara, da ɗanta Badaru, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda motar ta girme shi.

Motar ta marigayi mijinta ce, Alhaji Maikuɗi, kuma ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Mai naƙuda ita, wanda maciji ya sara ita, gawa ma ita. Kafin ya rasu ya bar wasiyya kada a hana ta ga marar lafiya, Hajiya kuma ta riƙe maganar da hannu biyu.

Ta ce, "Malam, daɓen ne ya ƙare. Kwanaki takalmin wata 'yar ƙauyenmu, Inna Tani, ya sulale ta rami a hanyar Kiyako, muka yi ta dariya. To, shekaranjiya dariya ta ƙare. Basma matar maƙwabcinmu muka ɗauko zuwa awo, hayaƙin salansa ya dinga shigowa ta ƙasa, kafin mu iso ta sume mana. Cikin fari ne, kuma da damina za ta haihu. Gareji biyu muka je, duk sun ce mu sayar wa 'yan gwangwan. In aka sayar, a kan me za a kawo yarinyar nan? Babur?"

Inna Kubra na daga zaure tana ji. Ta ce, "Malam, likita fa ya yi magana."

Ya ce, "Na ji abin da ya ce." Ya tashi ya zagaya motar, ya kwanta ya shiga ƙarƙashinta, yana shafa shasi da hannu yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Da ya fito sai ya ce, "Ƙashin bayanta na nan da rai. Ku bar ta." Inna Kubra ta koma ciki, ranar kuwa kwanon tuwo ya sha dangwara.

Aka ɗora mota a kan bulo, aka cire kujeru, aka sauke tankin mai aka kai shi can nesa, don Malam Ishiyaku ba ya kunna wuta kusa da tanki ko da an rantse masa babu ɗigo a ciki. Badaru ya tare a Birnin Kudu wurin 'yan uwa, kullum yana nan. Da aka fara ɓare daɓen sai abin mamaki ya yi ta fitowa: leda hawa uku, ƙarƙashinta kwanon rufi, ƙarƙashinsa katako, can ƙasa kuma siminti.

Badaru ya sosa ƙeya ya ce, "Ni na zuba simintin, Baba. Na ga kamar zai toshe."

"Siminti? Badaru, mota ce ko shagon haya? Saura ka sa mata taga ka zuba 'yan haya."

Ya yanke duk inda tsatsa ta taɓa, bai tsaya ba sai da bakin ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli. Kowane rami ya ɗora masa kwali ya yanka daidai da shi, sannan ya ɗora kwalin a kan rufin wata matacciyar Fijo da ya daɗe yana ajiye, ya zana da alli, ya yanka. Ya ce ƙarfen zamanin motar ne, kaurinsu ɗaya, za su zauna lafiya. Sai ya ɗora farantin ƙarfen da ya yanko a kan kututture ya buga masa kwaruruka irin na asali don kada ya riƙa lotsawa in an taka. Waldar kuwa ɗigo-ɗigo yake yi, nan ɗaya can ɗaya, ya bari ya huce don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Kullum bayan la'asar idanunsa sun kaɗa jawur suna zubar ruwa, Inna Kubra ta jiƙa tsumma ta ɗora masa, tana faɗa tana matsewa. Haka aka yi kwana goma sha tara.

Ran na ashirin ya yi gwajin da yake rufe kowane aiki da shi. Da rana ta take tsaka sai ya sa aka buɗe ƙofofi da but ɗin baya, ya kwanta a ƙarƙashin motar ya lulluɓe gefe da buhu, yana neman ɗigon haske. Inda haske ya bi, hayaƙi zai bi, ruwa ma zai bi. Ya daɗe a ciki, sannan ya fito ya kakkaɓe riga ya ce, "Ban ga komai ba."

Badaru ya ce, "Alhamdu lillahi! In kira Hajiya ke nan?"

Tsohon ya girgiza kai. Ya zauna a kan kututture. Can ya ce, "Ban ga komai ba, amma ban yarda da idona ba. Kwanta ka duba."

Badaru ya shiga. Yana ɗaga kai ya ga haske ɗis-ɗis a gefen waldar, kamar bakin allura. Dattijo sa'an ubansa, ya yi kwana goma sha tara yana ƙona idonsa saboda su, yanzu shi da ya zuba wa mota siminti ne zai buɗe baki ya ce aikin da saura? Kunya ta hana shi. Ya fito ya ce, "Lafiya lau, Baba."

Malam Ishiyaku ya ji yadda muryar ta fita. Ya ce, "Badaru, matar mutane za ka ɗauka da ciki. Ba ni za ka ji kunya ba. Nawa ne?"

Badaru ya sunkuyar da kai. "Bakwai ne, Baba."

Abin ya yi wa tsohon ciwo, ba ɓoyewa. Shekara arba'in da biyu rami ko ɗaya bai taɓa kuɓuce masa ba, yau ga bakwai a mota ɗaya. Amma bai yi gardama ba. Ya aika aka karɓo tsintsiya wurin Inna Kubra. Badaru na ƙasa yana zura tsinke ta kowane rami, shi yana sama yana lalube da yatsa, in ya ji tsinin sai ya kewaye da alli ya toshe. Sau uku ya maida Badaru ƙarƙashin motar, sai da ya rantse masa ko ɗigo babu. Sannan aka shafe daɓen da jan fenti ciki da waje. Ya ce, "Ba leda, ba taki. Tabarma za ku shimfiɗa, in ta jiƙe a fitar a shanya." Da yamma ya rufe tukunyar gas, ya naɗe tiyo, ya ce wa Inna Kubra, "Wannan karon na gama da gaske."

Malam Ishiyaku na Kubra, maƙiyin tsatsa. Kai ne wanda aikinka ke ƙarƙashin ƙafar mutane, ba mai gani balle ya yaba, kuma ba ka taɓa ha'inci don babu mai gani ba. Kai ne ka san ranar da idonka ya gaza, ka faɗa da bakinka a gaban wanda ka haifi sa'ansa. Masu sana'a da yawa sun gwammace a yi asara da su ce "zo ka duba mini". Ku masu gyara, ku yanke ruɓa har ku iske lafiyayye, kuma in an duba muku an ga gyara, ku karɓa. Ku masu motoci, don Allah ku ɗaga ledar nan ku ga abin da ke ƙasa.

A watan Agusta naƙuda ta kama Basma da safe, ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fijo ta ratso taɓo da kududdufai ta kawo ta asibiti a Birnin Kudu, ta haifi 'ya mace lafiya. Da aka sallame su, Hajiya Rahamatu ta sa Badaru ya biyo ta lungun bayan kasuwa. Ta fito da jaririyar ta ɗora wa tsohon a hannu ta ce, "Malam, ga fasinjarka."

Ya kawo ta daf da fuskarsa yana ƙifta ido, bai iya rarrabe kamanninta ba. Ya yi mata addu'a ya shafa kanta, sannan ya juya wajen Badaru ya ce, "Hayaƙi fa? Bai shigo ba?"

"Ko kaɗan, Baba. Ko ƙafar Basma ba ta jiƙe ba."

Ya ce, "To, madalla."

Mun gode, Malam Ishiyaku. Allah Ya bar maka sauran ganin da ka rage.