Sakin Auduga a Tashar Mota

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ina koyarwa a Ƙaura Namoda, ina kuma da 'yar gonar wake a hanyar Kurya Madaro. Maƙwabcina a gona direba ne mai jigilar Shinkafi. Ya shuka auduga ya manta da ita, ciyawa ta rufe ta, tsutsa ta yi gida a ciki tana ƙetarowa wakena. Waken nan kuwa shi ne cefanen gidana.

Da a da ne, da na sa adda na sare ta. Amma a lokacin ko kazar wani ta shigo maka gida, da sallama kake korar ta. Ni dai ina son hannuna.

Na kai ƙara. Alƙali ya tura mai unguwa da malamin gona suka gani, ya ce ba za a taɓa audugar ba sai mai ita ya tuge ta, ko ya furta a gaban shaidu cewa ya sake ta. Aka yi ta kai sammaci, direba kullum yana hanya, tsutsa kuwa ba ta san sammaci ba.

Ran kasuwa na ja shaidu biyu muka ritsa shi a tasha, mota ta cika, fasinja na ta mita. Allah ya gani, na lura da surukinsa zaune a gidan gaba, shi ya sa ban ambaci auduga ba. Na ce, "Malam, ka sake ta ko kana riƙe da ita?"

Ya gane nufina sarai, ya ce ya sake ta. Na kama kunne wai ƙarar inji ta hana ni ji. Ya maimaita. Shaida ɗaya ya ce shi ma bai ji ba. Direba ya leƙo ta taga ya daka tsawa: "Na ce na sake ta!"

Tsohon surukin ya buɗe ƙofa a hankali, ya sauko da buhunsa, ya ce, "Ukku ke nan. Ɗiyar tawa mi ta yi maka?"

Washegari mutumin da sammaci ya kasa kamawa ya riga masinja isa kotu, yana rantsuwa auduga yake nufi. Alƙali ya danne dariya, ya ce aure na nan, amma a je a tuge sakakkiyar. Da hannunsa direba ya tuge ta ya ƙone, surukin na zaune a inuwa yana nuna masa inda ya tsallake.

Da na girbe wake na aika wa matar direban tiya biyu. Ta karɓa, shi kuwa har yau ba ya tsaya mini a hanya.