Allurar da Na Hana Yayana

Ko sunana zan manta, ba zan manta ranar da na hana yayana allura yana kwance yana zubar da jini ba. Har yau akwai masu amsa gaisuwata da ƙyar saboda wannan rana. Ni kaina ban gama gane ta ba.

Ni masunci ne a wani ƙauye gefen Auyo. Ban yi boko ba. Shekara shida na yi ina fama da ciki: murɗa, gudawa da jini, in zaga sau goma kafin azahar. Wanda ba ya iya awa ɗaya a kwalekwale kuwa ba masunci ba ne. Na sha sassaƙe, na sha ƙwayoyin kemis. Wannan ya ce atini, wancan ya ce basir, wani ya ce sammu. Da na kasa tsayuwa, yayana ne ya saɓe ni kamar buhun shinkafa ya kai ni Haɗeja, daga can aka tura mu Kano.

A Kano wata likita ta duba hanjina da wani abu mai fitila, ta ce duk gyambo ne. Wai ba wata cuta ce ta shigo daga waje ba, masu gadin jikina ne suka juya suna cizon hanjina. Na ce, "Ke nan jikin nawa ya haukace?" Ta yi dariya, ni ban yi ba. Da ƙwayoyi suka kasa, ta ce za a ɗora ni kan allura duk sati biyu, amma sai an ɗauki hoton ƙirjina an nemi tarin tibi. Ciwo a ciki, bincike a ƙirji. Na dai bari aka yi. Ɗan ƙanwarmu da ke aiki a Kano ya ɗauki nauyin allurar. Allurar ba ta son zafi, don haka a firijin wani mai kemis a Haɗeja take zama. Ranar yi sai in ɗauko ta cikin kula da ƙanƙara in soka wa kaina a gida, don ni ba na buɗe cinyata a shagon mutane.

Cikin wata uku jini ya tsaya. Na yi kumatu, na koma ruwa, duk gari ya gani.

Sai shekarar da kogi ya tumbatsa, ruwa ya haɗe rijiyoyi da makewayi, gudawa ta shiga gari. Ran nan na dawo daga Haɗeja da hantsi, ina kutsa kwalekwale cikin ciyawar kacalla, kulata tsakanin ƙafafuna. Matar yayana na tsaye a bakin ruwa. Abokiyar wasata ce, kullum da tsokana take tarbata. Ranar sunan tsokanar dai ta kira, amma babu wasa a fuskarta.

"Sarkin zawo, Allah ya kawo ka. Yayanka ya gaje ka. Tun jiya jini yake yi."

Na same shi kan tabarma, ido ya faɗa, jiki kamar garwashi. Murɗar irin tawa, jinin irin nawa, har warin ɗakin na sani. Maƙwabta sun cika ƙofa, kowa idonsa na kan kula. A wajenmu maganin da ya yi maka ba naka ba ne kai kaɗai. Ko rabin ƙwaya ce, za ka gutsura wa mai irin ciwonka.

"Me kake jira?" in ji matar. "Soka masa mana."

Wallahi har na buɗe kular. Abin da ya tsayar da ni, likitar ta taɓa riƙe hannuna ta ce kada in yi komai sabo da allurar nan ban kira ta ba. Na hau kan tudu inda waya ke kamawa, na kira.

"Baba, kada ka kuskura," ta ce. "Nasa daga ruwa ya sha shi. Allurarka kwantar da masu gadin jiki take yi. Shi kuma yau su yake buƙata a tsaye. In ka soka masa, ka buɗe wa cutar ƙofa."

"Likita, jinin iri ɗaya ne."

"Jinin ɗaya, ciwon biyu. Ku dama masa ruwan gishiri da sukari, ku kawo shi asibiti yanzu. Kai fa, jikinka da zafi?"

Na ce tun jiya ina ɗan jin zazzaɓi.

"To kai ma kada ka yi yau. Mayar da ita firiji, a duba ka tukuna."

Na tsaya riƙe da waya kamar gunki. Majinyata biyu, magani a hannu, kuma wai babu mai yi. Maganin da ake hana ka ranar da ba ka da lafiya, wannan wane irin magani ne? Ƙanƙara na narkewa, ruwa na ɗiga ta gindin kula.

Na koma na ce ba zan yi ba. Ban iya bayani ba, abin da na ce ke nan. Ɗakin ya kaure. Wani dattijo ya ce, "Yaro, ciki ɗaya kuka fito fa." Matar ta fashe da kuka: "Shi ya goya ka zuwa Kano kana kashi a wando! Yau allura ɗaya ta fi shi?" Duk wannan bai taɓa ni ba kamar maganar yayana. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ku bar shi. Abinsa ne."

Na sunkuya na saɓe shi kamar yadda ya taɓa saɓata, na kwantar da shi a kwalekwale, matar ta shigo da butar ruwan gishiri tana zagina. Ina tura gora ina tambayar kaina: in ya mutu a hanya fa, ga allura a ƙarƙashin ƙafarsa? Matar da ke Kano ba ta ko gan shi ba. Da wane ido zan koma gari? Haka na yi ta tura gora har bakin titi.

A asibitin Haɗeja aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka ba shi wasu 'yan ƙwayoyi. Kwana biyar ya tashi yana neman tuwo. Nasa ya wuce ke nan har yau. Ni aka ce zazzaɓin sauro ne, da ya sauka aka ce in yi allurata. Har gobe ina kanta, kuma likita ta ce ba ta san ranar dainawa ba.

Matar yayana har yanzu cewa take, da na ba shi da bai kwana asibiti ba. Ba na musu, don ba ni da abin nunawa. Yayana bai taɓa tayar da zancen ba. Amma duk sati biyu shi ke tura ni a kwalekwale zuwa bakin titi, ya jira ni in dawo, ya karɓi kular ya lulluɓe ta da rigarsa kada rana ta taɓa ta.

Abin da na koya ɗaya ne. Ba duk abin da ya warkar da kai ne alheri ga ɗan'uwanka ba. In abu ya fi ƙarfin saninka, tambayi wanda ya sani, ka haɗiye zagin. Gara a kira ni marowaci yayana na tsaye yana ji.